TSIBIRAN GALAFAGOS: INDA ƘASA BA TA GAMA HUCEWA BA

Ranar 2 ga watan Maris na shekarar 2024, can cikin dare, dutsen La Cumbre da ke tsibirin Fernandina ya tsage ta gefensa na kudu maso gabas, ya shiga aman wuta. Narkakken dutse ya yi ta malala yana gangarawa, har bayan 'yan makonni ya kai bakin teku, ruwa ya yi ta tafasa yana tururi. Da a wata ƙasa abin ya faru, da an ji labarin garuruwan da aka kwashe da gonakin da suka ƙone. A nan kuwa ba a kwashe kowa ba, domin babu wanda ya taɓa kafa gida a Fernandina. Babu rijiya, babu gona, babu ko bukkar masunci. Waɗanda suka ga hasken wutar a dararen nan su ne ma'aikatan gandun dabbobi, da matafiyan da ke cikin jiragen ruwa na yawon buɗe ido, waɗanda suka tsaya daga nesa suna kallon sama ta yi ja wur.

Fernandina shi ne autan manyan tsibiran Galafagos, waɗanda ke cikin Tekun Fasifik, kimanin mil 600 yamma da gaɓar ƙasar Ekwado ta Amurka ta Kudu, kuma a ƙarƙashin mulkinta suke tun shekarar 1832. Manyan tsibiran 13 ne, ban da ƙanana da duwatsun da suka leƙo daga ruwa fiye da 100. Sunan da suke amsawa ya fito ne daga wata tsohuwar kalma ta mutanen Sifen mai nufin kunkuru, saboda manyan kunkurayen da Turawan farko suka tarar a can. Duniya ta san su da dabbobin da ba a samu a ko'ina sai nan, amma wanda yake son ganin tushen abin sai ya shiga jirgin ruwa ya nufi yamma, wajen Fernandina da maƙwabcinsa Isabela, inda duwatsu ba su daina aman wuta ba. A can ne ake ganin yadda rai yake kama zama a kan ƙonannen dutse. A can ne kuma ake gane hatsarin da ke tattare da ziyarar kanta, domin wutar da rashin ruwan da suka hana ɗan Adam zama, su ne suka tsare wa wurin halittunsa shekara da shekaru.

Yadda Wuta Ta Haife Su

Babu ɗaya daga cikin tsibiran nan da ya taɓa haɗuwa da babbar ƙasa. Dukansu daga ƙarƙashin teku suka taso. Masana ilmin ƙasa sun bayyana cewa ɓawon duniya ba dunƙule yake guda ɗaya ba, manyan falle-falle ne, kowanne yana gusawa sannu a hankali. Fallen da Galafagos ke kansa, wanda ake kira Nazca, yana matsawa gabas wajen Amurka ta Kudu da kimanin inci 2 kowace shekara. A can ƙarƙashinsa kuwa akwai wani wuri mai tsananin zafi wanda ba ya gusawa. Daga nan narkakken dutse yake huda ɓawon ya fito, ya sandare, wani ya sake fitowa ya hau kansa, har tulin ya ɓullo bisa ruwa ya zama tsibiri. Misalin abin kamar a riƙe tabarma ne bisa fitila ana janta a hankali: wutar tana nan inda take, amma za ta bar jerin ƙuna a jikin tabarmar, na farko can nesa ya huce, na ƙarshe yana hayaƙi.

Saboda haka tsibiran gabas, irin su San Cristobal da Espanola, su ne tsofaffi, an ƙiyasta shekarunsu sun kai miliyan 3 zuwa 4. Duwatsunsu sun lafa, iska da ruwan sama sun cinye su, Espanola ma ya zama shimfiɗaɗɗe. Na yamma su ne yara. Isabela, wanda shi kaɗai ya fi rabin faɗin ƙasar tsibiran gaba ɗaya, duwatsu 6 ne masu aman wuta suka haɗu suka yi shi, watau Ecuador, Wolf, Darwin, Alcedo, Sierra Negra da Cerro Azul. Wolf ne mafi tsawo, ƙafa 5,600. Fernandina kuwa bai cika shekara miliyan 1 ba, dutse guda ne tal, yana zaune kusan daidai kan murhun. A 'yan shekarun nan kaɗai ya yi aman wuta a 2005, 2009, 2017, 2018, 2020 da 2024. A lissafin duwatsu, jariri ne da ba a yanke wa cibiya ba.

Shiga Jirgi

Mai niyyar zuwa yakan tashi a jirgin sama daga Kito, babban birnin Ekwado, ko daga Gwayakil da ke kusa da teku, tafiyar kusan awa 2 daga nan. Tun a filin jirgi ake fara gane cewa wannan tafiya ta sha bamban da saura. Ana bincika kayan kowa, ana neman iri, 'ya'yan itace, ƙasa da ƙwari, kafin a sauka kuma ma'aikatan jirgi sukan fesa maganin ƙwari a ma'ajiyar kaya. Yawancin baƙi a tsibirin Baltra suke sauka, inda sojojin Amurka suka gina filin jirgi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don tsaron mashigin ruwa na Fanama. A nan ake biyan kuɗin shiga gandu, wanda a watan Agusta na 2024 aka ɗaga daga dala 100 zuwa dala 200 ga yawancin baƙi 'yan ƙasashen waje.

Tun shekarar 1959 Gwamnatin Ekwado ta keɓe kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran ya zama gandun dabbobi na ƙasa. A sauran kashi 3 ɗin ne mutane kusan 30,000 suke zaune. A 1978 hukumar UNESCO ta sa Galafagos cikin jerin farko na wuraren da duniya ta gada, a 1998 kuma aka keɓe tekun da ke kewaye da su. Doka ta hana jirgin yawon buɗe ido ya ɗauki fasinja fiye da 100, da yawansu ma ƙanana ne masu ɗaukar mutum 16. Hukumar gandun ce take tsara wa kowane jirgi hanyarsa da ranar da zai tsaya a kowane wuri, kuma ba a yarda ya koma wuri ɗaya sau biyu cikin mako biyu ba. Ba a sauka sai da jagoran da hukuma ta ba lasisi, jagora ɗaya kuma ba ya jan fiye da mutum 16.

Jirgi da dare yake tafiya, gari na wayewa ya jefa anga. Daga nan sai a shiga ƙaramin kwalekwalen roba mai inji, wanda mutanen wurin ke kira panga, a nufi gaɓa. Sauka iri biyu ce: wani wurin a taka dutse kai tsaye, wani wurin kuwa sai an naɗe wando an shiga ruwa zuwa gwiwa. Kafin kowa ya motsa jagora zai maimaita ƙa'idodi. Kada a bar hanyar da aka kafa wa turaku, kada a kusanci dabba ƙasa da ƙafa 6, kada a taɓa ta ko a ba ta abinci, kada a haska mata fitilar kyamara, kada a ɗauki ko tsakuwa ɗaya.

Ruwan Sanyi A Tsakiyar Duniya

Ba kowane jirgi ne yake zuwa yamma ba, domin hanyar da nisa. Mai zuwa yakan kwana yana tafiya, ya ƙetare layin Ikwaita da ya raba duniya gida biyu, ya zagaya ta arewacin Isabela, sa'an nan ya sake ƙetare layin ya gangaro kudu. Sau da yawa kyaftin yakan kira fasinjoji ɗakin tuƙi su ga na'ura ta nuna sifiri. Da safe sai a tsinci kai a mashigin Bolivar, wani siririn ruwa tsakanin Isabela da Fernandina, ga baƙaƙen duwatsu hagu da dama masu siffar ƙwaryar da aka kife, kawunansu cikin hazo.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne sanyin ruwan. Ga rana tsaka a tsakiyar duniya, amma mai shiga ruwa sai ya sa rigar roba. Dalili kuwa shi ne akwai wani kogi a cikin teku, wanda ake kira Cromwell, mai gudu daga yamma zuwa gabas ta ƙarƙashin ruwa. In ya iso sai ya ci karo da gindin Fernandina da Isabela, ya taso sama da ruwan sanyi mai ɗauke da taki daga zurfin teku. Wannan takin ne yake ciyar da gansakuka da ƙananan halittun ruwa, su kuma su ciyar da kifi, kifi ya ciyar da tsuntsaye da zakunan teku, har da manyan kifayen nan na wel da ake yawan gani suna feshin ruwa a mashigin. Gaɓar ƙonanniya ce, babu abin ci. Arzikin yammacin Galafagos a cikin ruwa yake. Wanda ya riƙe wannan zai fahimci halin yawancin dabbobin da zai tarar in ya sauka.

Sauka A Fernandina

Wuri ɗaya tak aka yarda baƙi su taka a Fernandina, wani ɗan tsinin ƙasa a arewa maso gabas da ake kira Punta Espinoza. Sauran tsibirin, mai faɗin murabba'in mil 248, ba mai shigarsa sai ma'aikatan gandu da masu bincike da ke da izini na musamman. Ƙasar wurin baƙin falalen dutse ne, wani wajen ya sandare a murɗe kamar igiyoyin da aka jera, wani wajen kuwa ya farfashe ya yi kaifi kamar fasasshiyar kwalba, yana yanka takalmi. A cikin tsagar dutsen, inda babu ko ƙwayar ƙasa, ana ganin wani gajeren tsiro mai ƙaya, curi-curi kamar yatsu, sababbin rawaya, tsofaffin toka-toka. Yana cikin masu fara kama wuri bayan wuta ta huce. In ya mutu ya ruɓe, shi ne yake zama ƙasar da wani tsiron zai samu ya kafu.

Baƙo yakan yi 'yan taku kafin ya lura cewa dutsen da ke gabansa yana numfashi. Damon teku ne, ɗaruruwa, baƙaƙe kamar dutsen, sun kwanta wani kan wani suna shan hantsi. Turawa suna kiransa iguwana. A duk duniya shi kaɗai ne ƙadangaren da yake neman abincinsa a cikin teku. Mata da ƙanana sukan jira ruwa ya janye su kankari gansakuka a kan duwatsu, manyan maza kuwa su faɗa ruwa, su yi iyo da jela, su nutsa ƙafa 30 ko fiye su yi kiwo a ƙasa. Da yake jikinsa ba ya ɗumama kansa, sanyin ruwan yakan sanƙarar da shi, dole ya fito ya baje a kan baƙin dutse har zafi ya koma masa. Gishirin da ya haɗiya kuwa ta hanci yake fitarwa. Lokaci lokaci sai a ji ya yi atishawa, ruwan gishiri ya fantsamo, ya bushe masa a ka kamar farar hula.

Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, wanda ya zo tsibiran a 1835 cikin jirgin Beagle yana ɗan shekara 26, ya ga munin wannan dabba ƙwarai, amma bai ƙyale ta ba. Ya feɗe cikin wasu ya tarar da ciyawar teku. Ya kama ɗaya ya yi ta jefa shi cikin ruwa, kowane karo sai ya juyo ya dawo inda aka jefo shi. Wannan ya sa Darwin ya yi zaton cewa a wurin damon nan hatsari a ruwa yake, tudu kuwa wurin aminci ne, ko da mai jifansa yana tsaye a can.

Haƙurin da aka san damo da shi, na teku ya ninka shi. Shekarar da yanayin nan da ake kira El Ninyo ya zo, ruwan sanyi yakan daina tasowa, teku ya yi ɗumi, gansakukar da yake ci ta mutu. A munanan shekaru irin 1982 zuwa 1983, da 1997 zuwa 1998, yunwa ta kashe su da yawan gaske. Masu binciken da suka auna waɗanda suka tsira sun gano abin al'ajabi: tsawon jikin wasu ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100, sa'an nan da abinci ya dawo suka sake miƙewa.

Tsuntsun Da Ya Bar Tashi

Can bakin ruwa akwai wani tsuntsu baƙi-baƙi mai shuɗin ido, girmansa ya kusa na dinya, yana tsaye ya buɗe fukafukai yana shanya su. Dangin komoran ne, tsuntsayen nan masu nutso su kamo kifi, waɗanda ake samu a yawancin gaɓoɓin duniya, kuma dukansu suna tashi sai shi. Fukafukansa guntaye ne, tsigaggu, ba su fi sulusin abin da zai iya ɗaga shi sama ba. Da ƙarfafan ƙafafunsa yake tunkuɗa ruwa ya bi kifi har ƙarƙashin duwatsu. Tun da abinci yana bakin ƙofa, kuma babu dila ko muzuru da zai kore shi, tashi bai zama masa dole ba. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai gaɓar Fernandina da ta arewa da yammacin Isabela, yawansa kuma kimanin 2,000 ne kacal.

Maƙwabcinsa a wannan ruwa shi ne fengwin, tsuntsun da aka saba gani a hotuna yana tsaye kan ƙanƙara a ƙurewar kudancin duniya. Na Galafagos ƙarami ne, tsawonsa kamar inci 20, nauyinsa bai fi laba 6 ba, kuma shi kaɗai ne a danginsa yake rayuwa har arewa da Ikwaita. A cikin ramukan dutse yake yin ƙwai don gudun rana. El Ninyon 1982 zuwa 1983 ya hallaka kimanin kashi 77 cikin 100 nasu, waɗanda suka rage a yau kuma ba su fi kimanin 2,000 ba.

Mai karatu zai so ya san yadda waɗannan halittu suka iso tsibiran da ba su taɓa haɗuwa da wata ƙasa ba. Tsuntsaye da fukafukansu suka zo, ko guguwa ta kaɗo su, wasu ɗauke da iri a ciki ko a ƙafa. Fengwin ya biyo ruwan sanyin Humboldt ne daga kudu. Masu jan ciki kuwa, a ganin masana, tarkacen itatuwan da kogunan Amurka ta Kudu ke kwasowa lokacin ambaliya suka hau, suka yi makonni a teku ba ci ba sha. Ƙadangare da kunkuru suna iya jure wannan. Kwaɗo da yawancin dabbobi masu shayarwa ba sa iyawa. Shi ya sa babu kwaɗo ɗan asalin Galafagos, babu kuma manyan namun daji masu farauta. Dabbar da ta yi dubban shekaru ba mai korarta ba ta san gudu ba. Tomas de Berlanga, Bishop na Fanama, wanda ruwa ya janyo jirginsa nan bisa kuskure a 1535 yana kan hanyarsa ta zuwa Feru, ya rubuta wa Sarkin Sifen cewa tsuntsayen wurin ba su ma san su guje wa mutum ba, da hannu ake kama su. Bayan shekara 300 Darwin ya ture shaho daga kan reshe da bakin bindiga. Har yau haka abin yake: zakin teku yakan kwanta a tsakiyar hanya, sai mutane su ratse.

Bisa Dutsen

Daga Punta Espinoza ana hango La Cumbre. Tsawonsa ya ɗara ƙafa 4,800, a ƙololuwarsa kuma akwai wani makeken rami mai faɗin mil 3 zuwa 4. A watan Yuni na 1968 ƙasan ramin ya rufta, ya nutse da kimanin ƙafa 1,000 cikin 'yan kwanaki, ƙasa tana ta girgiza sau ɗaruruwa. Tun kafin nan, a 1825, wani kyaftin Ba'amurke mai suna Benjamin Morrell ya ba da labarin yadda dutsen ya fashe jirginsa yana tsaye kusa, ga shi iska ta ɗauke. Zafi ya yi tsanani har kwaltar da aka liƙe katakon jirgin da ita ta fara narkewa, da ƙyar suka sami 'yar iskar da ta fitar da su.

Duk da haka akwai masu neman wannan rami da gangan. Damon tudu, ɗan'uwan na teku, mai launin rawaya, wanda ke cin ganyen ƙaya, matansa sukan yi tafiyar kwanaki su hau dutsen, wasu ma su gangara cikin ramin, su haƙa su binne ƙwansu a cikin toka mai ɗumi. Zafin dutsen ne yake yi musu kwanci. In 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sai su nemi hanyar fita da kansu, ga shaho yana shawagi a sama.

Tsibirin ya kuma ɓoye wani sirri fiye da shekara 100. A 1906 masu bincike daga Kalifoniya suka sami kunkuru namiji guda ɗaya a Fernandina, suka tafi da shi gidan ajiye kayan tarihi. Daga shi ba a sake kama irinsa ba, har aka ɗauka wuta ta ƙare da su. Sai a watan Fabrairu na 2019 wata tawagar ma'aikatan gandu da masu bincike ta ci karo da wata tsohuwar macen kunkuru a wani ɗan kurmi da ƙonannen dutse ya kewaye. Aka sa mata suna Fernanda, aka kai ta cibiyar kiwon kunkuru a tsibirin Santa Cruz, gwajin jini kuma ya tabbatar a 2021 cewa jinsinsu ɗaya da na 1906. An koma neman namiji a shekarun da suka biyo, ba a dace ba.

Isabela Da Sawun Mutum

In jirgi ya ƙetara mashigi zuwa Isabela, yakan tsaya a gaɓar Urbina, gindin dutsen Alcedo. A nan baƙo zai yi tafiya cikin ciyayi, nesa da ruwa, sai ya tarar da manyan duwatsun murjani farare, irin waɗanda ba sa girma sai a ƙarƙashin teku. A 1954 ne ƙarfin wutar da ke ƙasa ya ɗaga ƙasan tekun wurin da kimanin ƙafa 15, a tsawon gaɓa na mil 3 ko fiye, cikin gaggawar da ta sa kifaye suka maƙale a tudu. Waɗanda suka fara isa wurin, ɗoyin ruɓaɓɓen kifi ne ya tare su. Yau itatuwa sun rufe shi, damon tudu ya haƙa ramuka, kunkuraye suna saukowa daga Alcedo lokacin damina. Cikin shekara 70 ƙasan teku ya zama daji.

Arewa kaɗan akwai wata 'yar kusurwa mai kwanciyar ruwa da ake kira Tagus, sunan wani jirgin yaƙin Ingila da ya tsaya nan a 1814. A nan ma Darwin ya sauka. Mako 5 ya yi a tsibiran, ya taka 4 daga cikinsu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda tsuntsu ko kunkurun wannan tsibiri yake bambanta da na wancan, alhali kuwa ana hango juna. Daga baya wannan ya shiga cikin hujjojin littafinsa na 1859, inda ya kawo ra'ayin cewa jinsunan halittu suna sauyawa a hankali gwargwadon wurin zamansu, ra'ayin da ya ta da muhawara mai zafi tsakanin masana kimiyya da malaman addini, ya kuma zama ginshiƙin ilmin halittu na zamani.

Jikin dutsen Tagus cike yake da sunayen jiragen ruwa da matuƙa suka sassaƙa ko suka rubuta da fenti, mafi tsufa tun na 1836. Yanzu an hana, amma an bar na da don su zama shaida. Labarin da suke bayarwa ba mai daɗi ba ne. 'Yan fashin teku ne suka fara mai da tsibiran maɓoya, sa'an nan masu farautar wel na Ingila da Amurka suka biyo. Suka gano cewa kunkurun Galafagos, wanda nauyinsa kan wuce laba 500, yana iya yin watanni har kusan shekara ba ci ba sha. A zamanin da babu firiji, wannan nama ne da ba ya ruɓewa. Sai su kwashe su, su jera su a rigingine a cikin rumbun jirgi, suna yanka ɗaya ɗaya. Wani bincike da aka yi cikin littattafan jiragen Amurka 79 ya nuna sun kwashi fiye da 13,000 tsakanin 1831 da 1868, jimillar abin da aka kwasa kuwa an ƙiyasta ta haura 100,000. Wasu jinsunan sun ƙare ƙaƙaf. Na tsibirin Pinta ya rage guda ɗaya, wanda aka yi wa laƙabi da George Ɗan Kaɗaici. Ya mutu ranar 24 ga watan Yuni na 2012, bai bar baya ba.

Akuya Da Ƙuda

Ɓarnar da mutum ya yi da wuƙa ta tsaya da tafiyar masu farauta, amma wadda ya yi da abin da ya sauke daga jirgi ta ci gaba bayansa. Matuƙa sun saki awaki don su sami nama in sun dawo, ɓeraye sun sauka da kansu, mazauna suka kawo aladu, jakuna, karnuka da kyanwoyi. A Pinta awaki 3 aka saki a 1959. Kafin a cika shekara 15 sun kai kimanin 40,000, sun aske tsibirin. A Alcedo sun cinye itatuwan da kunkuraye ke fakewa a inuwarsu. Daga 1997 zuwa 2006 hukumar gandun da Gidauniyar Charles Darwin suka yi gangamin kawar da su, da maharba a ƙasa da jirage masu saukar ungulu a sama. Da awakin suka ragu suka koyi ɓuya, sai aka koma ga dabara: a kama akuya, a ɗaura mata na'ura mai aika sigina a wuya, a sake ta. Da yake akuya ba ta zama ita kaɗai, sai ta nemi 'yan'uwanta, maharba su bi sawu. Aka kashe fiye da 140,000 a arewacin Isabela da Santiago da Pinta, ciyayi suka farfaɗo.

Akuya dai ana ganinta a harbe ta. To, ƙuda fa? Wani ƙuda da ya shigo tsibiran wajen shekarun 1960 yana zuba ƙwansa a sheƙar ƙananan tsuntsaye, da dare tsutsotsinsa su fito su sha jinin 'ya'yan har su mutu. Wanda abin ya fi shafa shi ne wani ɗan tsuntsu mai kama da gwara, ɗaya daga cikin waɗanda ake kira tsuntsayen Darwin, wanda ba ya zama sai a 'yan kurmin bakin teku na arewa maso yammacin Isabela. Waɗanda suka rage ba su fi kimanin 100 ba. Masu bincike na cibiyar Darwin da ke garin Puerto Ayora, wadda aka buɗe a 1964, har kwashe ƙwansa suka riƙa yi suna ƙyanƙyashewa a ɗaki su mai da 'ya'yan, suna kuma sa maganin ƙwari a sheƙa.

A nan darajar Fernandina take fitowa. Babu akuya, babu kyanwa, babu ɓeran jirgi a kansa, shi ya sa ake lissafa shi cikin manyan tsibiran duniya da suka fi zama yadda aka halicce su. Ɓerayen da ke cikinsa 'yan asali ne, jinsi 2, alhali 'yan'uwansu na wasu tsibiran sun ƙare bayan da baƙin ɓera ya iso.

Kuɗin Baƙi Da Nauyinsu

Yawon buɗe ido na jirgin ruwa ya fara ne a ƙarshen shekarun 1960. Shekara 10 bayan haka baƙi ba su fi kimanin 12,000 a shekara ba. A 2019 sun wuce 270,000, a 2023 kuma sun haura 300,000. An ƙayyade yawan gadajen jirage, don haka ƙaruwar ta fi yawa ne a wajen masu kwana a otal-otal na garuruwa. Kuɗin da baƙi suke kawowa yana taimakawa wajen biyan masu gadin gandu da man jiragen sintiri, shi ne kuma abincin yawancin mazauna. Amma kowane baƙo yana buƙatar abinci da mai, waɗanda jiragen dakon kaya ke kawowa daga Gwayakil, kuma a cikin kowane kwando ƙwaro ko iri na iya ɓuya. A watan Janairu na 2001 jirgin dakon mai Jessica ya maƙale a kan duwatsu a bakin San Cristobal, mai ya malala. Cikin shekara guda kashi 62 cikin 100 na damon teku na tsibirin Santa Fe suka mutu. A 2007 UNESCO ta sa Galafagos cikin jerin wuraren da ke cikin hatsari, ta cire su a 2010 bayan Ekwado ta tsaurara matakai.

Wata ƙasar ta bi hanya dabam. Tsibirin Surtsey, wanda ya ɓullo daga teku kudu da Aislan a 1963, an rufe shi ga kowa sai 'yan masu bincike kaɗan, don a ga yadda rai zai kama shi ba da hannun mutum ba. Ekwado ba ta da halin yin haka ga tsibiran da dubban 'yan ƙasarta ke ci daga gare su. Ta zaɓi ta buɗe ƙofa kaɗan ta tsaya a bakinta: tsini ɗaya a Fernandina, 'yan awoyi da rana, mutum 16 bayan jagora.

Shi ya sa in la'asar ta yi, panga ta mai da baƙi jirgi, akwai aiki ɗaya da ba a tsallakewa. Kafin kowa ya wuce ɗakinsa sai ya tsaya a bakin matakala an wanke tafin takalminsa, don kada yashin wannan tsibiri da irin da ke cikinsa su bi shi zuwa na gaba. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. An ɓatar da shekara 9 da miliyoyin daloli kafin a raba arewacin Isabela da awaki, alhali macen ɓera guda mai ciki ta isa ta sauya Fernandina, inda komoran yake sheƙa a ƙasa kuma ba shi da fiffiken gudu. Da magariba jirgi yakan ɗaga anga, damon teku sun cure wuri ɗaya don ɗumin dare, La Cumbre kuwa yana can cikin hazo, yana jiran ranar da zai sake buɗe baki.